Gidan da ake saya da wa'adi: yadda ake ƙara shekarun fulat a Ingila, da inda ake tafka asara

Wanda ya sayi fulat a Landan ko Manchester ko Birmingham, ya biya kuɗi ya karɓi makulli, a ransa ya yi gida ke nan. A wajen doka kuwa shekaru ya saya. Ginin da filin da yake kai na wani ne daban, wanda za mu riƙa kira mai ƙasa, shi kuma mai fulat an ba shi damar zama ne na wani wa'adi, shekara 99 ko 125, wani lokaci 999. Kullum garin Allah ya waye wa'adin nan raguwa yake yi. Ran da ya ƙare fulat ya koma hannun mai ƙasa, ba a biyan ko sisi. Iyakar abin da doka ta tanadar wa wanda ke zaune a ciki shi ne ya ci gaba da zama a matsayin ɗan haya, yana biyan kuɗin haya irin na kasuwa, a gidan da shi ko mahaifinsa ya saya da guminsa.

Gidaje kusan miliyan 5 ne a Ingila ke kan wannan tsari na mallakar wa'adi, wato kimanin gida ɗaya cikin biyar, mafi yawansu fulat. Mutumin Najeriya ba zai ji abin baƙo sosai ba, domin Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, takardar shaidar mallaka da ake bayarwa ma yawanci ta shekara 99 ce, ana kuma biyan kuɗin ƙasa. Inda suka rabu shi ne a Ingila mai ƙasa sau da yawa kamfani ne, ko attajiri, ko tsohon gidan masu dukiya, ko ƙaramar hukuma, kuma raguwar shekarunka jari ce a littafinsa, ya lissafa ta, yana jiran ta. Kasuwa ma tana lissafawa: fulat biyu a bene ɗaya, ɗakuna iri ɗaya, ɗaya saura shekara 95 ɗaya saura 65, farashinsu ba zai zo ɗaya ba. Bankuna da dama sukan fara ja da baya wajen ba da rancen sayen gida tun shekarun suna kusa da 80, idan suka yi ƙasa da 70 kuwa masu bayarwa kaɗan ne, sai ka ga fulat ɗin ya ƙare a gwanjo, inda masu tsabar kuɗi ke taya shi da arha. Duk abin da za a faɗa a nan ya shafi Ingila da Wales ne. Scotland ta daɗe da kama wata hanya, a 2015 ma ta mayar da hayoyi masu tsawon gaske mallakar dindindin.

Ka fara da sanin shekarun da suka rage

Ba a dogara da bakin dillali a nan. Ofishin rajistar filaye na ƙasar yana sayar da kwafin rajistar kowane gida ta intanet kan fam 7. A shafin farko akwai wurin da aka taƙaita yarjejeniyar: ranar da aka sa hannu, tsawon wa'adi, ranar da wa'adin ya fara, da sunayen ɓangarorin. Layin nan na ranar farawa shi ne wanda ake yawan tsallakewa. Ana iya sa hannu a yarjejeniya a 1991 amma a rubuta cewa wa'adin shekara 99 ne daga 25 ga Maris 1988, saboda mai gini yana so duk fulat ɗin benen su ƙare rana ɗaya. Wanda ya ƙirga daga 1991 ya ƙara wa kansa shekara uku da ba shi da su. Irin wannan fulat zai ƙare ne a Maris 2087, ke nan a 2026 saura shekara 61.

Akwai wani rukuni da ya kamata ya farga yanzu. Fulat ɗin ƙananan hukumomi da aka sayar wa mazauna cikinsu bayan dokar 1980, zamanin Margaret Thatcher, yawanci an ba su shekara 125. Mutane suna jin 125 sai hankalinsu ya kwanta. To wanda wa'adinsa ya fara a 1982 zai ƙare a 2107, ke nan a 2027 zai taka shekara 80. Kuma wannan 80 ita ce iyakar da duk maganar ta rataya a kanta.

Haƙƙin da doka ta bayar

Dokar 1993 ce ta ba mai fulat ikon tilasta wa mai ƙasa ya ƙara masa wa'adi. Abin da ake samu a ƙarƙashinta abu biyu ne: shekara 90 a kan waɗanda suka rage, da kuma soke kuɗin ƙasa na shekara-shekara. A takarda ba a cewa an soke, sai a ce kuɗin ƙasa ya koma ƙwayar masoro ɗaya a shekara, tsohuwar dabarar lauyoyin Ingila ce ta nuna cewa haya tana nan amma ba a biyan komai. Mai saura shekara 61 zai tashi da 151.

Sharaɗin farko shi ne tun asali yarjejeniyar ta wuce shekara 21. Ba a duba ko kana zaune a gidan, dokar 2002 ta cire wannan, don haka wanda ke Kano ko Abuja ya zuba 'yan haya a fulat ɗinsa na Landan yana da haƙƙi kamar kowa. Da can sai ka shekara biyu da mallakar gidan kafin ka nema, amma daga 31 ga Janairu 2025 an janye wannan jira. Sai dai har yanzu dole sunanka ya hau rajista tukuna, ofishin rajista kuma yakan ɗauki watanni. Akwai waɗanda dokar ba ta ɗauka ba: hayar wurin kasuwanci, wasu gidajen ƙungiyoyin agaji, da wanda ya sayi wani kaso na gida yana biyan haya a kan sauran, har sai ya gama mallakar kashi 100.

Gida mai zaman kansa, wanda ba fulat ba, dokarsa daban ce kuma ta girmi wannan. An yi ta ne a 1967, lokacin da hayoyin shekara 99 na zamanin Sarauniya Victoria suka fara ƙarewa a kudancin Wales da wasu birane, ma'aikata suna rasa gidajen da iyayensu suka gina. Ta ba da zaɓi biyu: ƙarin shekara 50 ba tare da biyan dunƙulen kuɗi ba, amma da sabon kuɗin ƙasa mai nauyi da zai fara aiki idan tsohon wa'adi ya ƙare, ko kuma sayen ƙasar baki ɗaya. Kusan kowane mai ba da shawara zai ce a sayi ƙasar, domin shekara 50 ba ta warkar da ciwon, ɗaga shi kawai take yi. Masu kula da dukiyar gidan Duke na Westminster, ɗaya daga cikin manyan masu ƙasa a Landan, sun kai ƙarar wannan doka har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, suka sha kaye a 1986.

Yadda ake lissafin kuɗin

A nan ne ya kamata a tsaya a natsu, domin wanda ya fahimci lissafin ba a ruɗa shi a wajen ciniki. Kuɗin ƙarin wa'adi diyya ce ga mai ƙasa kan abin da zai rasa, kuma gida uku take da shi.

Na farko, kuɗin ƙasar da zai daina karɓa. Ana tattara na duk shekarun da suka rage a mayar da su dunƙule ɗaya na yau, yawanci da ma'aunin kashi 6 zuwa 7 cikin 100. Na biyu, jinkirin dawowar gidan hannunsa. Da zai karɓe shi bayan shekara 82, yanzu sai bayan 172. Sai a tambaya: nawa za a ajiye yau wanda, idan yana haɓaka da wani kaso duk shekara, zai kai darajar gidan a ranar da ya kamata ya dawo? Kason da ake amfani da shi ya fito ne daga shari'ar Sportelli, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2007: kashi 5 cikin 100 ga fulat, kashi 4.75 ga gida mai zaman kansa.

Na uku shi ne mai ciwo. Suna kiransa ribar aure, wai an aurar da haƙƙin mai fulat da na mai ƙasa sun haifi ƙarin daraja. Fulat mai gajeren wa'adi yana da arha, da an ƙara masa shekaru sai farashinsa ya tashi fiye da abin da mai ƙasa ya rasa. Wannan rarar doka ta ce a raba ta biyu, rabi na mai ƙasa. Amma dokar 2002 ta ce idan shekarun da suka rage sun haura 80 a ranar da aka miƙa takardar nema, ribar aure sifiri ce.

Ga misali da alƙaluman da aka sauƙaƙa. Fulat ne da zai yi fam 300,000 idan wa'adinsa mai tsawo ne, kuɗin ƙasa fam 150 a shekara ba ya ƙaruwa. Idan saura shekara 82, dunƙulen kuɗin ƙasa a kan kashi 6.5 zai kama kusan fam 2,300, jinkirin dawowar gida kusan fam 5,400. Jimla wajen fam 7,700. Shi ke nan.

A bar shi shekara uku kawai, saura 79. Gida biyun farko sun ɗan motsa, sun kai kimanin fam 8,600. Amma yanzu ribar aure ta shigo. A ce masu ƙiyasi sun yarda cewa fulat mai shekara 79 yana da kashi 90 cikin 100 na cikakkiyar daraja, wato fam 270,000. Bayan ƙari zai koma 300,000. A cire 270,000, a cire abin da mai ƙasa yake da shi, wato wancan fam 8,600, rarar da ta saura ta haura fam 21,000, rabinta kusan 10,700. Kuɗin ya tashi daga 7,700 ya koma wajen 19,300. Idan aka yi sakaci har saura 60, aka ɗauki darajar a kan kashi 78 cikin 100, lissafin zai kai kusan fam 42,000. Gidan bai sauya ba, ɗakunan nan ne dai, kalanda ce kawai ta juya.

Wancan kaso da muka ɗauka, 90 ko 78, shi ne filin daga tsakanin masu ƙiyasi na ɓangarorin biyu. Mai ƙiyasin mai ƙasa yana so ya yi ƙasa don rarar ta yi yawa, naka yana so ya yi sama. Bayan shari'ar Mundy, wadda ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2018, kotuna sun fi karkata ga cinikin da aka yi na zahiri a unguwar, idan babu kuma sai jadawalin kamfanonin ƙiyasin gidaje Savills da Gerald Eve, waɗanda alƙalumansu suka fi daɗaɗa wa masu ƙasa fiye da tsofaffin jadawalin da aka saba da su a wuraren da ba tsakiyar Landan ba. Bambancin kashi 2 kacal a fulat ɗin misalinmu fam 3,000 ne daga aljihunka. Shi ya sa ɗaukar mai ƙiyasin da wannan aiki ne sana'arsa ba almubazzaranci ba ne. Abu guda da ake yawan mantawa a gaya masa: gyaran da mai fulat ya yi da kuɗinsa wanda ya ƙara wa gidan daraja, kamar sa na'urar ɗumama ɗakuna inda babu ko ƙara banɗaki, doka ta ce a cire shi daga lissafi. Fenti da gyaran abin da ya lalace ba sa ciki. A adana rasit da takardar izinin aikin.

Bayan wannan kuɗi akwai na ƙwararru. Mai nema ne ke biyan lauyansa da mai ƙiyasinsa, shi ne kuma ke biyan kuɗin lauya da mai ƙiyasin mai ƙasa, gwargwadon abin da hankali zai ɗauka. Wanda ya ware fam 3,000 zuwa 5,000 don wannan a ƙaramin fulat bai yi nisa da gaskiya ba, a tsakiyar Landan kuma ya fi haka. Idan kuɗin ƙarin ya kai fam 40,000, maganar harajin sayen gida ta taso, musamman ga wanda ba a nan yake zaune ba ko yake da wani gidan, don haka a tambayi lauya tun kafin a fara.

Matakan, da ranakun da ba a wasa da su

Ana farawa da ƙiyasi. Mai ƙiyasi zai ba ka adadi uku: wanda za ka taya, wanda mai ƙasa zai iya nema, da inda ake sa ran za a daidaita. Sai lauya ya binciko wane ne mai ƙasan da ya cancanci a miƙa wa takarda, domin wani benen yana da hawa-hawa na masu haƙƙi, akwai mai ƙasa na asali, akwai wani da ya karɓi hayar ginin gaba ɗaya a tsakani. Idan abin ya rikice, doka ta ba da damar aika takardar tambaya wadda dole a amsa cikin kwana 28.

Daga nan sai takardar nema, wato notis na sashe na 42 na dokar 1993. Takarda ce 'yar shafuka kaɗan, amma duk shari'ar a kanta take tsaye. Tana ɗauke da sunan mai nema, bayanin fulat da na yarjejeniya, kuɗin da ya taya, adireshi a Ingila ko Wales inda za a riƙa aiko masa da takardu, da ranar da mai ƙasa zai ba da amsa, wadda ba za ta gaza wata biyu cur ba. A Ingila tun 2014 lauya yana iya sa hannu a madadin mai nema, abin da ya sauƙaƙa wa mazauna ƙasashen waje. Ranar da notis ya isa hannun mai ƙasa ita ce ranar ƙiyasi: agogo ya tsaya a nan. Mai saura shekara 80 da mako biyu, idan notis ɗinsa ya shiga daidai, ya tsira daga ribar aure ko da ciniki zai ɗauki shekara guda.

Kurakuran da ke kashe notis sanannu ne. A ba da ranar amsa da ta gaza wata biyu da kwana ɗaya saboda ba a lissafa jinkirin gidan waya ba. A manta da kamfanin kula da gini wanda sunansa ke cikin yarjejeniya, alhali dole shi ma a ba shi kwafi. A taya kuɗin raini: a shari'ar Cadogan da Morris an taya fam 100 a kan fulat ɗin da kuɗin ƙarinsa ya kai dubbai masu yawa, kotu ta ce notis ɗin bai inganta ba. Ga mai shekara 90 wannan ɓata lokaci ne kawai. Ga mai shekara 80 da 'yan makonni, ɗan hakin da ya raina ne zai tsone masa ido. Kuma da zarar an miƙa, lauya ya yi rajistar notis ɗin a kan takardar mai ƙasa a ofishin rajista, don kada a sayar da ƙasar ga wani ya ce bai san da maganar ba.

Mai ƙasa yana da ikon neman kafin alƙalami, kashi 10 cikin 100 na abin da aka taya ko fam 250, duk wanda ya fi yawa, a biya cikin kwana 14. Zai kuma turo mai ƙiyasinsa ya duba gidan. Ke nan kuɗi su kasance a hannu kafin a aika notis, ba bayan an aika a fara neman rance ba.

Amsarsa takan zo da adadi mai tsoratarwa, wani lokaci ninkin abin da aka taya. Wannan al'adar ciniki ce, masu ƙiyasin biyu za su zauna su yi ta ja har su haɗu a tsakiya, kuma mafi yawan maganganu a nan suke ƙarewa. Idan bai amsa ba sam har ranar ta wuce, gaba ta kai ka: kana da wata shida ka je kotun gunduma, ita kuma za ta ba ka ƙarin a kan kuɗin da ka taya.

Ranar da ta fi kowace cin mutane ita ce ta wata shida bayan amsa. Idan ba a daidaita ba, daga wata biyu bayan amsar har zuwa cikar wata shida kowane ɓangare yana iya kai maganar gaban kotun musamman ta harkar gidaje ta yanke farashi. Wata shida ya cika ba a shigar ba, doka ta ɗauka ka janye. Za ka biya kuɗin ƙwararrun mai ƙasa, ba za ka sake nema ba sai bayan wata 12, sannan a sake ƙiyasi da ragaggun shekaru. Akwai masu ƙasa da suka san wannan sarai, sai su riƙa jan ciniki da fara'a, yau a ce mai ƙiyasi ya tafi hutu, gobe a ce ana jiran sa hannun darakta. Lauyan kirki yakan shigar da takardar kotu tun a wata na biyar ko da ciniki yana tafiya lafiya, domin shigarwar ba ta hana sulhu. A gaban wannan kotu kowa shi ke ɗaukar kuɗin lauyansa.

Ko bayan an daidaita tsugune ba ta ƙare ba. Akwai wata huɗu daga ranar da aka amince da duk sharuɗɗa. Idan ba a kammala sa hannu ba, dole a nemi umarnin kotun gunduma a cikin wata biyun ƙarshe, in ba haka ba nan ma an janye. A ranar kammalawa kuma sai an biya duk bashin kuɗin ƙasa da na kula da gini.

Hanyar sulhu ba tare da notis ba

Mai ƙasa yakan ce a bar zancen notis, a yi ta ruwan sanyi. Wani lokaci hakan alheri ne, musamman inda mazauna benen ne da kansu suka haɗu suka sayi ƙasar, sai su ƙara wa juna shekara 999 a kan kuɗin lauya kawai. (Da yawa daga masu irin wannan rabo suna zaton sun fita daga matsalar wa'adi. Ba su fita ba, tsohuwar yarjejeniyar kowane fulat tana nan tana raguwa har sai an zauna an sabunta ta a rubuce.) Amma da baƙon mai ƙasa a yi hattara. Ba ranar da ta ɗaure shi, agogo kuma bai tsaya ba, yana iya jan ka har ka faɗa ƙasa da 80 sannan ya sauya farashi. Yana iya ba da tayin da ya fi arha a ido, alhali cika maka zai yi zuwa 99 ko 125 maimakon ƙara 90, ya kuma bar kuɗin ƙasa yana tafiya. Kafin 2022 ta nan aka riƙa cusa wa mutane kuɗin ƙasa mai ninkawa duk shekara 10 ko 25, wanda ya mayar da gidaje da dama abin da banki ba ya taɓawa. Dokar da ta fara aiki ranar 30 ga Yuni 2022 ta toshe wannan: ba a ƙara kuɗin ƙasa a kan tsohon wa'adi, sababbin shekarun kuma ƙwayar masoro ce. Duk da haka tsohon kuɗin yana nan har tsohon wa'adi ya ƙare, kuma yana iya saka sababbin sharuɗɗa, kamar hana sa 'yan haya sai da izini da biyan kuɗi. Ta hanyar doka sabuwar yarjejeniya tana bin tsohuwar ne, ba a sauya komai sai gyaran kuskure ko abin da zamani ya wuce. Wani bambancin kuma: mai bashin banki a kan gidan, ta hanyar doka jinginar tana komawa kan sabuwar yarjejeniya da kanta, ta hanyar sulhu kuwa sai an nemi yardar banki a rubuce.

A jira sabuwar doka, ko a yi yanzu?

Ranar 24 ga Mayu 2024, ana dab da rushe majalisa don zaɓe, aka zartar da sabuwar doka cikin gaggawa. Alkawuranta manya ne: ƙarin shekara 990 ga fulat da gida duka, soke ribar aure, taƙaita kuɗin ƙasan da ake sakawa a lissafi zuwa kashi 0.1 cikin 100 na darajar gida, kuma a mafi yawan lokuta kowa ya biya lauyansa. Sai dai zartarwa daban, fara aiki daban. Ministan gidaje Matthew Pennycook ya shaida wa majalisa a Nuwamba 2024 cewa akwai kurakurai a dokar da sai an gyara su da wata dokar. Manyan masu ƙasa, ciki har da gidajen Cadogan da Grosvenor, suka kai ƙara cewa an tauye musu haƙƙin dukiya, Babbar Kotu ta yi watsi da ƙarar a Oktoba 2025. Har 2025 ta ƙare sassan da suka shafi farashi ba su fara aiki ba, tsohon lissafi ake bi.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne sabuwar dokar ta bar wa gwamnati ta tsayar da kason lissafi da kanta. A koma ga fulat ɗin misalinmu mai shekara 82. A kan kashi 5, jinkirin dawowar gida kusan fam 5,400 ne. Idan aka sauke kason zuwa 4, ya haura fam 11,000. Ke nan mai shekaru sama da 80, wanda dama ba ya biyan ribar aure, ba abin da zai ci a soke ta, amma yana iya cutuwa idan kason ya sauka. Wanda ke tsakanin 80 da 83 kuwa bai kamata ya jira ko wata guda ba: abin da yake da tabbas a hannunsa ya fi alkawarin da ba a sa wa rana ba, kuma idan ya faɗa ƙasa da 80 kafin doka ta fara aiki, ya ninka wa kansa kuɗi a banza. Wanda jira zai iya yi wa rana shi ne mai shekara 50 zuwa 79, wanda ba ya shirin sayarwa, ba ya neman sabon rance, ko mai kuɗin ƙasa mai ninkawa. Shi ma ya sani kowace shekara da ta wuce tana ƙara masa kuɗi a tsohon lissafi. Wanda kuma dole ya sayar bana, ko magada da ke son raba gado, ba su da abin jira, domin mai saye da bankinsa da dokar yau suke aiki.

Mai saye da ya ga fulat mai arha saura shekara 70 da wani abu, kada ya sayi kifi a ruwa. Ya sa a yi masa ƙiyasin ƙari kafin ya taya, ya cire shi daga farashi. Idan shekarun suna dab da 80, ya sa a cikin sharaɗin ciniki cewa mai sayarwa zai miƙa notis bayan an ƙulla ciniki, sannan ya sallama masa amfanin notis ɗin a rana ɗaya da gidan. Dole su tafi tare, idan aka sayar da gidan aka bar notis a baya, notis ya mutu.

Saura mai ƙasan da ya ɓace, abin da ake yawan gani a tsofaffin gidajen da aka raba fulat biyu ko uku: ya rasu ba a san magada ba, ko ya bar ƙasar shekaru da yawa. Wannan ba ya toshe hanya. Ana nuna wa kotun gunduma cewa an neme shi da gaske, an rubuta zuwa adireshinsa na ƙarshe, an sa cigiya a jarida, an ɗauki masu bincike. Kotu ta gamsu, sai kotun gidaje ta yanke farashi, a zuba kuɗin a asusun kotu, alƙali ya sa hannu a madadinsa. Hukumar ba da shawara kan mallakar wa'adi, wadda gwamnati ke ɗaukar nauyinta kuma ake kira LEASE, tana ba da bayanin farko kyauta a kan wannan da sauran matakan. Bayan an kammala, ko ta wace hanya, lauya zai kai sabuwar yarjejeniya ofishin rajista. Idan rajistar ta fito, a sake sayen kwafin nan na fam 7, a duba layin wa'adi da ido, a tabbatar sababbin shekarun da sunan mai gida da na banki duk sun hau daidai.